Yaushe Ake Tara Yiwuwa a Jadawalin Ƙidaya, Yaushe Kuma Tarawar Ke Ɓata Amsa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji uku na babbar sakandare, ina shirin zana WAEC da NECO. A jarrabawar gwaji an ba mu jadawalin makin da ɗalibai 40 suka ci: maki 1 mutum 3, maki 2 mutum 5, maki 3 mutum 8, maki 4 mutum 12, maki 5 mutum 7, maki 6 mutum 5. Tambaya ta farko ta ce idan aka ɗauki ɗalibi ɗaya ba tare da zaɓe ba, mece ce yiwuwar ya ci 3 ko 5. Na tara 8/40 da 7/40, aka ba ni makina. Ta biyu ta ce mece ce yiwuwar ya ci maki cika ko maki fiye da 3. Na bi hanya ɗaya, na tara 22/40 da 24/40, na samu 46/40, aka soke. An koya mana cewa duk inda muka ga 'ko' mu tara, inda muka ga 'da' mu ninka. To me ya sa tarawa ta yi aiki a ta farko ba ta yi a ta biyu ba, kuma ta yaya zan gane daga jadawali kawai?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Tambayarki ta ƙunshi abu biyu: sharaɗin da ke halatta tara yiwuwa biyu, da kuma yadda za ki duba jadawali ki san ko sharaɗin ya cika. Abin da aka haddatar da ku, cewa "ko" na nufin tarawa, rabin ƙa'ida ne, kuma rabin da aka bari shi ne ya cinye miki maki. Cikakkiyar ƙa'idar ita ce ana tara yiwuwar abubuwa biyu kai tsaye ne kawai idan ba za su iya aukuwa tare a kan mutum ɗaya, a ɗauka ɗaya ba, wato idan suna kore juna. A jadawali kuwa wannan yana da ma'ana guda wadda ido ke iya gani: babu wani gida da ya shiga cikin abubuwan biyu.

Abin da jadawalin ke ɗauke da shi

Jadawalinki layi biyu ne, na sama makin da aka ci, na ƙasa yawan waɗanda suka ci shi. Idan aka ce a ɗauki ɗalibi ɗaya ba tare da zaɓe ba, ana nufin tamkar an rubuta sunayen mutum 40 ɗin a 'yan takardu, an zuba a kwano, an jefa hannu an ciro ɗaya, kowane suna yana da dama daidai da ɗan'uwansa. Saboda haka yiwuwar kowane abu ita ce yawan mutanen da abin ya shafa bisa jimillar mutane duka. Lambar ƙasa a kullum 40 ce. Ba 6 ba ce, wato yawan gidajen jadawalin, kuma ba 21 ba ce, wato abin da za a samu idan aka tara makin da ke layin sama. Na ambaci waɗannan biyun ne domin su ne na fi cin karo da su a takardun ɗalibai, kuma duka biyun suna fitowa ne daga mantawa da cewa mutane ake ɗauka, ba maki ba.

Jadawalin ƙidaya da aka gina daidai yana da siffa biyu. Kowane mutum yana da gida, kuma babu mai gida biyu. Ɗalibin da ya ci 3 bai ci 5 ba, domin takarda ɗaya maki ɗaya gare ta. Wannan ne ya sa idan kika tara 3, 5, 8, 12, 7 da 5 kike samun 40 cif, idan kuma kika tara yiwuwar gidajen shida kike samun 40/40, wato 1.

Ƙirga yawan aukuwar abu domin a yi hukunci da shi ya girmi ilimin yiwuwa kansa. A ƙarni na 9, a Bagadaza, al-Kindi ya nuna cewa wanda ya ƙirga sau nawa kowane harafi ke fitowa a rubutun Larabci zai iya warware wasiƙar da aka ɓoye da alamomin sirri, domin alamar da ta fi yawan fitowa a wasiƙar ana kyautata zaton tana tsaye ne a madadin harafin da ya fi yawan fitowa a harshen. Lissafin yiwuwa irin wanda kuke yi ya samo tushe daga wasiƙun da Pascal da Fermat suka yi musaya a Faransa a 1654, amma sai a 1933 masanin lissafi ɗan Rasha, Kolmogorov, ya dasa shi a kan ginshiƙai uku: yiwuwa ba ta yin ƙasa da sifili, yiwuwar dukkan abin da zai iya aukuwa 1 ce, sannan yiwuwar ɗaya daga cikin abubuwa masu kore juna ita ce jimillar yiwuwarsu. Ki lura cewa sharaɗin kore juna yana cikin ginshiƙin kansa, ba wani gyara ba ne da aka liƙa masa daga baya.

Tambayoyinki biyu

A ta farko, "ya ci 3" gida ɗaya ne mai mutum 8, "ya ci 5" wani gida ne dabam mai mutum 7. Babu sunan da ke cikin duka biyun, saboda haka mutum 15 ne cikin 40, amsa 15/40, wato 3/8 ko 0.375. Kin ci wannan ne ba don kalmar "ko" ba, sai don gidajen ba su haɗu ba.

A ta biyu, kowane ɗaya daga cikin abubuwan biyu tarin gidaje ne. Maki cika, wato wanda 2 ke raba shi ba saura, shi ne 2, 4 da 6, masu mutum 5, 12 da 5, jimilla 22. Maki fiye da 3 shi ne 4, 5 da 6, masu mutum 12, 7 da 5, jimilla 24. Lissafinki har zuwa nan daidai yake. Amma dubi jerin biyun: 4 yana cikin na farko yana cikin na biyu, haka ma 6. Mutum 12 da suka ci 4 da mutum 5 da suka ci 6, su 17 ke nan, kin ƙirga su a matsayin masu maki cika, sannan kin sake ƙirga su a matsayin masu fiye da 3. Abin ya yi kama da ƙirga baƙi a bikin auren zumunci, inda aka ƙirga dangin ango dabam, dangin amarya dabam, aka tara, alhali goggon da ke yayar uban ango kuma ƙanwar uwar amarya mutum ɗaya ce, kwano ɗaya za a zuba mata.

Gyaran yana da hanya uku, kuma ina so ki iya dukkansu domin kowace na duba 'yar'uwarta. Ta farko ita ce ki jera makin da ya cika aƙalla ɗaya daga cikin sharuɗɗan biyu, kowane sau ɗaya: 2, 4, 5, 6. Yawansu 5 da 12 da 7 da 5, jimilla 29, amsa 29/40 ko 0.725. Ta biyu ita ce babbar ƙa'ida, wadda ke aiki ko abubuwan suna kore juna ko ba sa yi: yiwuwar A ko B daidai take da yiwuwar A, a tara da yiwuwar B, a debe yiwuwar A da B tare. Wato 22/40 da 24/40, a debe 17/40, saura 29/40. Ta uku ita ce ki nemi waɗanda ba su cika ko ɗaya ba: masu maki 1 da masu maki 3, mutum 3 da mutum 8, su 11, idan aka cire su daga 40 saura 29.

Daga nan za ki ga cewa tarawa kai tsaye ba wata ƙa'ida ce mai zaman kanta ba. Babbar ƙa'idar ce dai, a yanayin da abin debewa ya zama sifili. Ni a nawa ra'ayin gara ɗalibi ya haddace babbar kaɗai, ya riƙa rubuta sifilin da hannunsa idan ya tabbatar babu gidan da aka haɗa, domin rubuta shi yana tilasta masa ya duba.

Akwai abin da ya kamata ya tsayar da ke tun kafin ki miƙa takarda: 46/40 ya fi 1, kuma ba zai yiwu a samu mutum 46 a cikin aji mai mutum 40 ba. Sai dai kada ki dogara da wannan ƙararrawa, domin ba kullum take kaɗawa ba. Da an tambaye ki yiwuwar maki ƙasa da 3 ko makin da ya fi 1 kuma ba ya rabuwa sai da 1 da kansa, na farkon 1 da 2 ne, mutum 8, na biyun 2, 3 da 5 ne, mutum 20. Tarawa kai tsaye za ta ba ki 28/40, lamba mai kyan gani wadda ba ta kai 1 ba, amma kuskure ce, domin mutum 5 da suka ci 2 sun shiga sau biyu, amsar gaskiya 23/40. Irin wannan ya fi haɗari, kuma masu tsara tambayoyin zaɓi-ɗaya sun san da shi, shi ya sa amsar kuskuren kan zauna a cikin zaɓuɓɓukan tana jiran mai gaggawa.

Yadda nake koyar da shi a aji ba ya buƙatar allo. Nakan ce duk mai sanye da agogo ya miƙe, mu ƙirga, su zauna. Sai duk mai tabarau ya miƙe, mu ƙirga, su zauna. Sai na tambayi ajin mutum nawa za su miƙe idan na ce mai agogo ko tabarau, su tara lambobin biyu su faɗa da ƙarfi. Idan aka miƙe aka ƙirga sai a ga adadin ya gaza, ido kuma ya koma kan wanda ya miƙe sau biyu ɗazu, yana riƙe da tabarau a fuska da agogo a hannu. A takarda kuwa abin da nake sa su yi shi ne su ɗauki fensir su bi layin sama gida-gida: alamar ƙugiya a kan kowane gidan da ya cika sharaɗi na farko, da'ira a kan wanda ya cika na biyu. Gidan da ya samu ƙugiya da da'ira tare shi ne shaidar cewa abubuwan ba sa kore juna. Idan babu irinsa, a tara da kwanciyar hankali.

Ki kuma kula da kalmomin iyaka, domin su ke yanke ko gida ya shiga ko bai shiga ba. A jadawalinki "fiye da 4" shi ne 5 da 6, mutum 12, amma "aƙalla 4" shi ne 4, 5 da 6, mutum 24. Haka nan "bai wuce 4 ba" da "aƙalla 4" suna kama da kishiyoyin juna a kunne, alhali sun haɗu a kan 4, don haka ba sa kore juna, yayin da "ƙasa da 4" da "aƙalla 4" suke kore juna kuma suke cinye jadawalin duka.

Jadawalin da gidajensa da kansu suka haɗu

Duk abin da na faɗa ya dogara ne da cewa kowane mutum gida ɗaya gare shi, kuma ba kowane jadawali ne ke haka ba. A ce an tambayi manoma 50 abin da suka shuka bana, aka rubuta gero 35, dawa 28, wake 30. Jimilla 93 ce, manoman kuwa 50 ne, domin a ƙasar Hausa manomi ɗaya kan shuka gero da wake a gona ɗaya, ya kuma yi dawa a wata. Yiwuwar a ɗauki manomin da ya shuka gero 35/50 ce, wannan babu gardama. Amma yiwuwar gero ko wake ba za ta fito daga wannan jadawali ba, sai an faɗi mutum nawa suka shuka duka biyun. Iyakar abin da za a iya cewa shi ne ba ta gaza 35/50 ba kuma ba ta wuce 1 ba, sannan aƙalla manoma 15 sun haɗa biyun, tunda 35 da 30 sun zarce 50 da 15. Don haka abu na farko da za ki yi da kowane jadawali shi ne ki tara layin ƙasa ki gwada da adadin mutanen da aka ambata a tambaya.

Jadawalin tarin ƙidaya shi ma haka yake. Idan aka tara naki daga hagu zuwa dama za a samu 3, 8, 16, 28, 35, 40, inda 28 ke nufin waɗanda ba su wuce maki 4 ba, kuma mutum 8 da ba su wuce 2 ba suna cikin 28 ɗin. A nan debewa ake yi: masu maki 3 ko 4 su ne 28 a debe 8, wato 20, daidai da 8 da 12 na asalin jadawalin.

A jadawalin da aka haɗa maki rukuni-rukuni kuwa, matsalar tana kan iyaka. Idan aka rubuta 1–10, 11–20, 21–30, babu rikici. Idan aka rubuta 0–10, 10–20, sai an san inda mai 10 ya faɗa, kuma abin da aka fi bi shi ne a sa shi a rukunin da ya fara da 10. Tambayar da ta ratsa tsakiyar rukuni, kamar "fiye da 15" a jadawali mai 11–20, ba ta da amsa tabbatacciya daga jadawalin, sai ƙiyasi, bisa ɗaukar cewa makin ya bazu daidai a cikin rukunin.

Jadawali mai fuska biyu

Wannan shi ne inda na fi son ɗalibai su daɗe, domin a nan ake ganin kore juna da haɗuwa a shafi guda. Ga misali na ƙirƙira domin darasi, na mutum 200 da suka ba da gudummawar jini. Rukunin O mutum 104 ne, 98 fozitif, 6 negatif. Rukunin A mutum 44, 42 fozitif, 2 negatif. Rukunin B mutum 42, 40 fozitif, 2 negatif. Rukunin AB mutum 10, dukkansu fozitif. Fozitif duka 190, negatif duka 10.

Mutum rukuni ɗaya gare shi cikin huɗun nan, saboda haka yiwuwar A ko B ita ce 44 da 42 bisa 200, wato 86/200 ko 0.43. Haka ma mutum ko dai fozitif ne ko negatif. Abin lura shi ne abubuwan da ke fuska ɗaya ta jadawalin suna kore juna, amma da zarar an ɗauko ɗaya daga wannan fuska ɗaya daga waccan, to sun haɗu a gidan da layinsu ya gitta. Yiwuwar O ko negatif ita ce 104 da 10, a debe mutum 6 da suke O negatif, saura 108/200 ko 0.54.

Ɗalibai masu kaifin basira kan tambaye ni ko rukunin AB ba shi ne mahaɗar A da B ba. A matsayin rukuni, ba shi ba ne, gida ne na huɗu mai zaman kansa. Amma idan aka juya tambayar aka ce wanda jininsa ke ɗauke da alamar A, to masu A da masu AB ne, mutum 54, masu alamar B kuma mutum 52, mahaɗarsu mutum 10 na AB, yiwuwar ɗaya daga ciki 96/200. Jadawalin bai canja ba, harafin bai canja ba, amma amsar "suna kore juna?" ta canja, domin ta rataya ne a kan yadda aka fayyace abin da ake nema.

Sai gidan da ke da sifili, AB negatif. Idan daga cikin mutum 200 ɗin nan za a ɗauka, kamar yadda tambayar jarrabawa ke nufi, to AB da negatif suna kore juna, kuma yiwuwar ɗaya daga ciki 20/200 ce. Amma masu jinin AB negatif suna nan a duniya, ƙarancinsu ne ya sa ba a dace da ko ɗaya ba a cikin waɗanda aka gwada. Sifilin da ke tsakanin "ya ci 3" da "ya ci 5" dole ne ya zama sifili ko da ɗalibai dubu ne, wannan kuwa zai iya gushewa da zuwan mutum ɗaya. Jadawali ba ya bambanta miki sifilin nan biyu, sanin abin da ake ƙirgawa ne ke bambantawa.

Ɗaya rabin abin da aka haddatar da ku

Cewa "da" na nufin ninkawa shi ma yana da sharaɗinsa, kuma ɗalibai da yawa suna cakuɗa shi da kore juna. Ana ninka yiwuwa biyu kai tsaye ne idan aukuwar ɗaya ba ta canja yiwuwar ɗayan, wato ba su dogara da juna ba. Abubuwa masu kore juna kuwa sun yi hannun riga da wannan, domin da zarar an ce miki ɗalibin ya ci 3, kin san tabbas bai ci 5 ba. Yiwuwar ɗalibi ɗaya ya ci 3 kuma ya ci 5 sifili ce, ba 8/40 sau 7/40 ba.

Inda tarawa da ninkawa ke aiki tare shi ne idan aka ɗauki mutum biyu. A ce an ciro suna biyu daga kwanon ba tare da mayar da na farko ba, ana neman yiwuwar ɗaya ya ci 3 ɗayan ya ci 5. Ko dai mai 3 ya fara fitowa sannan mai 5, wato 8/40 sau 7/39, ko mai 5 ya fara sannan mai 3, wato 7/40 sau 8/39. Kowace hanya 56/1560 ce. Hanyoyin biyu suna kore juna, tunda wanda ya fara fitowa ba zai zama mai 3 kuma mai 5 ba, sai a tara su, a samu 112/1560, wato 14/195. Ki lura da 39 ɗin, domin bayan ɗaukar farko saura suna 39 a kwano.

Bambancin nan yana da nauyi a wajen aji ma. A gwajin jinin da ake yi kafin aure, idan miji da mata dukansu AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar 1/4 na AA, 1/2 na AS, 1/4 na SS, wato sikila. A kan yaro ɗaya ukun suna kore juna, don haka yiwuwar kada ya zama SS ita ce 1/4 da 1/2, wato 3/4. Amma ciki da ciki ba su dogara da juna ba. Masu cewa ɗaya cikin huɗu ne, tunda an riga an haifi mai sikila to ukun da ke tafe sun tsira, suna tarawa ne a inda ya kamata su ninka. Yiwuwar 'ya'ya huɗu a jere su tsira duka ita ce 3/4 sau 3/4 sau 3/4 sau 3/4, 81/256, ƙasa da kashi ɗaya bisa uku, yiwuwar a samu aƙalla ɗaya mai sikila kuwa 175/256. Lissafin ke nan, shawarar abin da ma'aurata za su yi kuma ta likita ce da iyalansu. Kuma wanda zai tsara jadawalin sakamakon irin wannan gwaji da gida uku kawai zai bar wasu a waje, domin akwai AC da SC, waɗanda suka fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso. Gidaje na iya kore juna amma su bar wasu a waje, a lokacin kuwa jimillarsu ba za ta kai 1 ba, kuma hanyar "cire daga 1" za ta ba da amsar da ba daidai ba.

Iyakar abin da lambar ke faɗa

Amsarki ta 29/40 tabbatacciya ce game da ɗalibai 40 ɗin nan, domin kin san kowa da makinsa. Idan aka ce a yi amfani da ita wajen hasashen wani aji ko wata shekara, ta koma ƙiyasi. Jacob Bernoulli, a aikinsa da aka buga a 1713 bayan rasuwarsa, ya tabbatar da cewa gwargwadon yawan gwaji, gwargwadon yadda ake sa ran rabon da aka ƙirga ya kusanci yiwuwar gaskiya. Mutum 40 ba su da yawa, kuma ko da sun yi yawa, idan ajin masu hazaƙa kaɗai aka gwada, jadawalinsu ba zai wakilci makarantar ba. Ƙa'idar tarawa ba ta gyara wannan, tana ba ki amsa ne daidai gwargwadon kyan jadawalin da aka miƙo miki.

Game da rubuta amsa a WAEC da NECO, masu duba takardu suna ba da maki ga hanya dabam, ga amsar ƙarshe dabam, saboda haka kada ki rubuta 29/40 tsurarsa. Ki fara da jimillar ƙidaya, 40. Ki rubuta gidajen abu na farko da yawansu, gidajen na biyu da yawansu, sannan gidajen da suka haɗa, ko ki rubuta cewa babu. Ki sa ƙa'idar, ki zuba lambobin, ki rage amsar zuwa mafi ƙanƙantar siffarta idan tana raguwa, kamar yadda 15/40 ta koma 3/8. Ki bar lambar ƙasa a 40 har zuwa layin ƙarshe, domin wanda ya mayar da 22/40 zuwa 11/20 da 24/40 zuwa 3/5 tun da wuri ya ƙara wa kansa aiki ne, kuma ya daina ganin cewa mutane yake ƙirgawa.

Ki gwada waɗannan da jadawalinki kafin ki dubi amsoshin. Yiwuwar maki mara ko maki 6: mara shi ne 1, 3 da 5, mutum 18, maki 6 ba ya cikinsu, sai a tara 5, amsa 23/40. Yiwuwar maki mara ko aƙalla 5: mutum 18 da mutum 12, a debe mutum 7 da suka ci 5, amsa ita ma 23/40, domin a duka biyun gidajen da suka shiga su ne 1, 3, 5 da 6. Idan a ta biyun 30/40 kika samu, ki koma kan gidan maki 5 ki duba ko bai samu ƙugiya da da'ira tare ba.